Hannun Auta a Katanga

Yana tsugune a bakin famfo yana taje buroshinsa da tsohon matajin matarsa, a hankali, kamar mai gyara gemu. Haka yake yi kowace safiya kafin ya kurɓi shayi. Wai buroshin da bai ga mataji ba sai ya zane wa bango fuska. Maman yara ta daɗe da daina faɗa a kan matajin. Ta ce tunda buroshi ya fi ta gashi, ya riƙe.

Baba Mai Fenti ake kiransa a layin. Ma'aikacin hukumar gari ne, a sashen da ke shafe gefen titi da gindin itatuwa da doguwar katangar filin fareti duk sanda wani biki ya matso. Shi bai san ranar haihuwarsa ba; mahaifiyarsa ta ce dai ana ruwa, kuma rufin ɗakin yana yoyo. Amma ya san ranar haihuwar kowane shugaba da aka yi, da ranar 'yanci, da ranar tunawa da 'yan mazan jiya, har da ranakun da aka taɓa yi wa biki aka daina saboda mai bikin ya faɗi. Duk ta hannunsa suka wuce. Yakan ce ba ya bukatar rediyo kafin ya san halin da ƙasa ke ciki. Ya ga yawan ruwan da aka ce ya ƙara a bokiti, ya gane.

'Ya'yansa mata duk sun yi gidajensu. Auta ne kaɗai ya ɗauki sana'ar, ya kuma wuce ubansa, don shi rubutu yake yi. Yana da ɗan shago kusa da tasha, yana rubuta allunan shaguna da bayan manyan motoci. Ubansa ne ya koya masa yadda ake murza buroshi sama a ƙarshen kowane layi don kada fenti ya tsiyaya. In uban ya bi ta kasuwa yakan tsaya gaban allon wani mai aski ko mai gyaran waya ya daɗe yana kallo, har mai shagon ya zaci ciniki ne ya zo.

Bana Babban Mutum, mai riƙe da ƙasar, ya ɗage zaɓe, ya sake ɗagewa. Gari ya ɗauki zafi. Kasuwa ta buɗe yau, gobe ta rufe, ƙaurin taya ya shiga har cikin tufafin da aka shanya. Wata rana da la'asar wasu mutane suka zo a motar da ba ta da lamba suna tambayar Auta. Suka tarar ya fita. Daga ranar bai sake kwana a gida ba, wayarsa kuma a kashe. Maman yara ta rame har zoben hannunta ya fara zamewa in tana wanki.

Sai wata safiya aka wayi gari da rubutu a katangar filin fareti, baƙi wuluk, manyan haruffa: MUN GAJI. Aka tura Baba da abokin aikinsa Dogo su shafe. Dogo yana ta mita, wai yaran nan ba su bar talaka ya huta ba, shi kuwa Baba ya tsaya riƙe da bokiti kamar an dasa shi. Sauran rubuce-rubucen garin da gwangwanin feshi ake yin su, a gaggauce, a karkace. Wannan da buroshi aka yi. Kowane harafi a tsaye yake, ba ɗigo ko ɗaya, kuma a ƙarshen kowane layi ga murzar nan ta tafi sama.

Da ya koma gida ya rufe ƙofa ya gaya wa Maman yara ya ga hannun Auta a katanga. Ba ta tambayi abin da aka rubuta ba.

"Yana cin abinci kuwa?"

Ya ce hannun mai yunwa rawa yake yi, wannan layin kuwa kamar an ja shi da zare. Ranar ta ci abinci har ta ƙara.

Haka abin ya zama musu hanya. Uban ya shafe katanga fari ƙal, bayan kwana kaɗan ɗan ya cika ta. Da farko rubutun can sama yake, sai da tsani. Baba kuwa gwiwarsa ta hagu ta daɗe da ƙin tsani, sai ya hau mataki ya huta, ya hau ya huta. Ba a jima ba rubutun ya sauko daidai ƙirjin mutum, bai sake hawa ba. A nan ya gane yaron yana wani wuri yana kallonsa. Daga ranar ya fara sa rigarsa mai kyau in zai je katangar, yana kuma ƙoƙarin kada ya ɗingisa.

Shi yake riga kowa roƙon a ba shi aikin katangar. Dogo ya ce lalle Baba ya kusa samun kujerar minista, in an ba shi kada ya manta da wanda ya riƙe masa tsani. Wannan wasa ne. Na unguwa ba wasa ba ne. Mai shayin bakin layi ya daina ajiye masa gurbi a benci. Matan maƙwabta suka riƙa cewa ga mutumin da ɗansa ke ɓoye, shi kuma yana goge wa gwamnati baki. Wata rana ya tarar an watsa masa baƙin mai a ƙofa. Ya samo kananzir ya wanke. Wa zai gaya wa? Kalma ɗaya ta fita daga bakinsa, ta isa inda ba a so.

Sai aka yi harbi a kan masu zanga-zanga a shatale-tale. Rediyo ta ce ba a rasa rai ba, asibiti kuma ya rufe ƙofar baya. Aka sa dokar hana fita, aiki ya tsaya. Rubutun Auta na ƙarshe, wanda ya yi kafin harbin, ya zauna a katanga rana tana dukansa: INA 'YAN'UWANMU? Baba ya bi asibitoci da ofisoshin 'yan sanda, ko'ina a ce masa ya dawo gobe. Maman yara ta daina tambayarsa in ya shigo. Abu guda ta riƙe: ranar da za a koma aiki ya shafe katangar. In ta yi fari, yaron zai amsa. Har addu'a take yi bikin ya matso.

Ya kuwa matso. Ranar 'yanci da ranar haihuwar Babban Mutum a mako ɗaya suka faɗo, aka ce za a haɗa su a yi gagarumin fareti. Tun asuba rediyo ke karanta gaisuwar 'yan kwangila, kowa yana roƙa masa tsawon rai. Aka sassauta doka, aka kira masu fenti sito.

Shugaban aiki ya raba wa kowa titinsa, sannan ya ja Baba bayan gangunan fenti. Mutum ne mai son a san ya san sirri. Ya ce wannan karon ba a ƙara ruwa ba, fenti ne mai kyau, daga sama aka aiko. Ya rage murya ya ce an gaji da ɗan iskan nan mai buroshi. An lura ba ya zuwa sai katanga ta yi tas. To daga yau akwai sojoji a ɗakin sayar da tikiti da ke fuskantar katangar, kuma ba kama shi aka ce su yi ba.

"Kai ka san bangon nan, Baba. Yi masa irin aikinka, ya yi kamar takarda. Shi zai kawo kansa."

Baba ya ce to, Yallaɓai. Ya ce zai je gida ya sha maganin gwiwa ya dawo.

Bai taɓa dawowa gida da hantsi a ranar aiki ba. Maman yara tana zaune a bakin gado tana ninke kayan Auta da ta sake wankewa, ko da yake ba wanda ya sa su. Ta ga fuskarsa, ta ajiye rigar. Ya zauna a kujerar roba ya gaya mata duka, idonsa a kan siminti.

Ta ce ya ƙi yi mana, ya ce musu ba shi da lafiya. Ya ce in ya ƙi, wani za a ba, katanga ta yi fari, yaron ya hango daga nesa ya zaci ubansa ne ke kiransa. Sai dai ya yi da kansa, da rana tsaka, inda duk mai kallo zai gan shi. Ya yi aikin da bai taɓa yi ba tun yana saurayi: ya bar zane, ya bar tsiyaya, ya bar baƙin yana leƙowa ta ƙarƙashin farin. Yaron ya san hannun ubansa kamar yadda uban ya san nasa. In ya ga haka, zai gane. Ko an sa wani ya gyara daga baya, ya riga ya gani.

"Za su kore ka, Baban yara."

"Za su kore ni."

A maƙwabta rediyo tana ta jera sunayen masu taya murna, ana sa kiɗan badujala a tsakani. Ta shafa wuyan rigar da ke cinyarta, ta sake shafawa. Ya ga lokacin da maganar ta isa inda yake tsoron ta isa.

"To in bai zo ba, ta yaya za mu sani? Ko ya gane ne, ko kuwa…"

"Ba za mu sani ba."

"Har yaushe?"

Ta ce makonnin nan duk abin da ya tsayar da ita da ƙafafunta shi ne farin bangon nan, yanzu kuma ya zo ya ce ta haƙura da shi. Ta ce ita ko kalma ɗaya ce, ko rabin harafi ne, ta gani ta san yana numfashi. Tana faɗa tana kallonsa, ta san abin da take roƙo, ta kuma san ba za ta so a ba ta ba. Hawaye ya sauko mata, ba ta share ba.

Ya miƙe, gwiwar ta yi ƙara. Ya duba bayan ƙofa ya ɗauko tsintsiyar da take share tsakar gida da ita, ya gwada kaifin bakinta a tafin hannunsa. Ya ce hannunsa ba zai yarda ya ɓata aiki da buroshi ba, ya san halinsa, sai ya gyara bai sani ba.

Ta ce, "Abu biyu ka bar ni da su: ko ya gane, ko ba ya raye. Wanne zan riƙe?"

"Riƙe na farkon," ya ce. "Ni zan ɗauki ɗayan."

Ya saƙale tsintsiyar a hammata, ya sunkuya ya gyara takalminsa, ya ɗaga labule ya fita.