Men Darsa da Gadajen Baƙi

Yayata Men Darsa ba ta taɓa kwanciya ƙafarta na kallon dutsen Agung ba, kuma ba ta barin kowa ya yi haka a gidanta. Na sha ganin ta ɗaga kyanwa tana barci ta juya ta. Ainihin sunanta Renten, amma tun da ta haifi Darsa kowa ya koma ce mata Men Darsa, uwar Darsa ke nan, har ni ƙanenta na kusa manta na farkon. Ni kuwa Murda nake, direba, sana'ata kai baƙi su ga dutse da haikali in dawo da su da kumburin ƙafa.

Tana 'yar ƙarama dutsen ya yi aman wuta, toka ta rufe rana. Innarmu ta ja ta a hannu suka gudu har wata makaranta a bakin teku inda aka jibge mutanen ƙauyuka. Ba a haife ni ba lokacin, amma na ji labarin har ya ishe ni. Wai da aka zo shimfiɗa, Inna ta fita waje ta dubi inda hayaƙi yake tashi, ta dawo ta juya tabarma kai ya fuskanci can. Wata mata ta ce mata haba, dutsen da ya cinye gonarki shi za ki ba kai? Inna ta ce alloli a can suke zaune, don sun yi fushi ba zai sa ta miƙe musu ƙafa ba. A kan wannan magana Yaya ta girma.

Ta yi dakon yashi a ka daga rafi zuwa wurin magina, ta sayar da 'ya'yan itacen salak a bakin hanya, ta yi saƙa, ta yi noman shinkafa da mijinta. Shi ya sa har yau in ta riƙe maka hannu sai ka ji kamar ƙofar mota ta datse ka. Ɗa ɗaya ta samu. Da ya girma ya bi samarin ƙauyenmu aikin jirgin ruwa, irin manyan nan masu yawo da masu hutu, yana jera cokula yana ninke tawul. Yana can ubansa ya rasu. Ranar da aka zaɓa don ƙona gawa ba ta jira jirgi ba, ni na tsaya inda ɗa ya kamata ya tsaya, ni na riƙe Yaya muka kai toka teku. Ba ta taɓa yi masa gorin wannan ba, amma abin yana ranta, na sani.

Bara Darsa ya dawo ya gina ɗakunan baƙi uku a bayan gida, bakin gonar shinkafa. Ya faɗa mana a fili: in ɗakunan suka karɓu ya zauna, in ba haka ba gurbinsa na nan a jirgi. Akwatinsa ma bai kwashe duka ba, ya ɗora shi kan kabad. Na dai lura canang ɗin da Yaya take ajiyewa kowace safiya, 'yan kwandunan ganyen kwakwa masu furanni da turaren tsinke, sun ninka, har wajen taka ƙasa sai da dabara.

Yaron ya san baƙi, wannan ba a ƙwace masa. Kowane ɗaki ya buɗe masa ƙatuwar taga ta wajen dutse, ya sa gado yadda in mutum ya buɗe ido Agung zai fara gani. Ya ɗauki hoto ya sa a intanet, sai ga baƙi. Ni ma kakata ta yanke saƙa. Da safe in kwashe su, in kai su haikalin Besakih, in ɗaura musu zani da ɗamara a bakin ƙofa, mazan suna tafiya a tale kamar masu ƙurji, in hana wannan hawa inda ba a hawa, in ɗauki wancan hoto har hannuna ya ƙage.

Ana nan wata safiya Yaya ta je ajiye canang a gindin tagar ɗakin farko. Ta ɗago kai, sai ga tafin ƙafa biyu na wani ƙaton Bature, jajur, sun miƙe sak suna kallon dutse. Ita duk tsawon ginin ba ta leƙa ba, ta ɗauka ɗan da ta haifa ya san inda ake sa kai.

Ta same shi ta yi magana. Ya ce baƙi ba addininmu suke bi ba, laifin ba zai hau kansu ba. Ta ce ai ba kansu take ji ba, gidan wa aka yi abin? Na sa baki na ce a mai da kan gadon gabas mana, shi ma halas ne, dutse ya koma gefe. Ashe bangon gabas shi ne na banɗaki. Yaya ta dube ni ta ce wato in sa kan baƙo a jikin masai, sannu mai hankali.

Daga nan aka shiga yaƙi. Da na fita da baƙi, Darsa ya tafi kasuwa, sai ta shiga da tsummoki, ta cusa a ƙarƙashin ƙafafun gado, ta ja shi ita kaɗai ta juya, kai ya koma gindin taga. Gadon katako ne fa, ni da Darsa mu biyu muke nishi kafin mu ɗaga. Darsa ya dawo ya mayar, gobe ta sake. Daɓen ɗakin har ya yi zobe. Ya gaji ya kafe gadajen da ƙusa. Ita kuwa ko a jikinta, ta kwashe matasan kai ta mayar wajen ƙafa, ta juya bargo, ta ɗora fure a kai. Baƙo ya dawo a gajiye ya bi matashi ya kwanta, gari ya waye yana kallon farin bango.

Ni nake shan ƙorafin a mota. Wasu ango da amarya daga Koriya suka ce ɗakin da aljanu, amaryar ta ƙi shiga sai da na leƙa ƙarƙashin gado. Wata tsohuwa 'yar Holan ta ce ita dutse ta zo gani, bango akwai shi a garinsu. Ina tuƙi ina murmushi ina cewa al'ada ce. Ba duka suka ji haushi ba, wani ma dariya ya yi ta yi. Amma masu jin haushi su ne masu rubutu a intanet, kuma baƙi suka fara ja baya.

Ranar da wasu suka kwashe kayansu tun kafin kwanansu ya cika, Darsa bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi. Ya shiga ɗaki ya sauko da akwatin daga kan kabad, ya kakkaɓe ƙura, ya shanya shi a tsakar gida a buɗe. Yaya tana zaune tana tsaga ganyen kwakwa. Ta dubi akwatin ta ci gaba da aikinta.

Washegari akwai biki a Besakih, na kai ta. Ta hau matakala da tulin 'ya'yan itace a ka, ba ta ko dafa ba, baƙi suna ta ɗaukarta hoto, ita kuwa fuskar nan a murtuke. Da muka kamo hanyar gida na kasa haƙuri. Na ce, "Yaya, ki bar yaron nan da gadajensa. Da hannunki za ki mai da shi teku."

Can ta ce, "Murda, ubansa ya mutu ba ya nan. Ni so nake in mutu ina jin muryarsa a tsakar gida. Amma in na bari aka miƙe ƙafa, wane ido zan ɗaga in roƙi alloli su bar mini shi?"

Tausayinta ya kama ni. Muna gangarowa, dutsen yana bayanmu, ta juya fuska waje don kada in ga idonta. Sai na ji ta ce in tsaya. Na taka burki, na ɗauka amai za ta yi. Ashe madubin gefen mota take kallo. Agung ne a ciki tsaf, har da ɗan gajimaren da ke kansa. Ta waiga ta dubi na gaskiya, ta sake duban madubi. Ta ce in juya mota sai garin Klungkung, wurin masu yankan gilashi.

Kada ku tambaye ni wa ya biya, 'yan kunnenta dai ban ƙara ganinsu ba. Madubi ne ya kusa faɗin bango. Muka ɗaure shi a kan mota, na yi tuƙin da ban taɓa yi ba, masu babur suna wuce ni suna zagi, Yaya ta fito da hannu ta taga tana riƙe da igiya kamar ita ke hana shi faɗuwa.

Darsa ya ce wannan shirme ne, amma ya zare ƙusoshin. Muka juya gado kai ya koma gindin taga, muka kafa madubin a bangon da baƙi suka tsana. Yaya ta ce ya kwanta. Ya kwanta yana ƙunƙuni, ya ɗaga ido, sai ƙunƙunin ya tsaya. Ga dutse, ga gonar shinkafa, ga uwarsa tsaye a gefen gado da ragowar igiya a hannu, ta ƙanƙance ta yi furfura. Ban san wanne ya fi kallo ba. Na buɗe baki zan ce to ai yanzu ƙafa na kallon dutsen madubi, Yaya ta taka mini yatsa ta ce alloli ba sa zama a gilashi.

Darsa ya ce, "Kawu, gobe ka koma ka ɗauko biyu."

Baƙi sun dawo, har da sabon ƙorafi, wai sun makara zuwa haikali don sun tsaya ɗaukar kansu hoto a madubi. Akwatin nan kuwa yana bakin ƙofa, a ciki ake ajiye zannuwa da ɗamarun da nake ɗaura wa baƙi. Ba wanda ya ƙara ta da maganar jirgi, ita ma ba ta tambaya ba.

Kwanan baya da la'asar na shiga ɗakin farko ɗauko hular da wani ya manta, sai na tarar da Yaya kwance a gadon baƙi, ta cire takalmi ta jera, hannu a kan ciki. Ban taɓa ganin ta kwance da rana ba, na tambaye ta ko lafiya. Ta ce lafiyarta lau, kallo take yi. Wai tun tana yarinya take ba dutsen ƙeya in za ta kwanta, ashe haka yake da kyau daga kwance, ba mamaki mutane suke tsallako teku.

A tsakar gida Darsa yana faɗa da kaji sun hau shanyar shinkafa. Na juya zan fita na kama ƙofa.

Ta ce, "Bar ta a buɗe."