Igiyar Shanya Daga Unguwar Mu'azu Zuwa Kamazou

Unguwar Mu'azu, biyar da rabi na asuba

Yaya Asabe, ke da sauran 'yan gidanmu na Soba, ga labarin tafiyar da kuke ta tambayata a waya kati yana ƙarewa ban kai ƙarshe ba. Ku yi haƙuri da rubutun, kun san inda karatuna ya tsaya.

Ranar Litinin ina idar da sallar asuba na kwance igiyar shanyarmu. Na leƙa ɗaki na ga Baban Walida ya koma barci, sai na zare sakata a hankali na fita lungu. Bari in faɗa muku dalili.

Kun san motar da yake haɗawa a tsakar gidanmu, shekara biyu ke nan. Injin wata tsohuwar mota ne, tayoyin wata, kujerar kuwa ta bas ce. Ranar da ta fara tashi har kajin maƙwabta sai da suka watse. Abin da ya rage shi ne bodi, wato akwatin baya da za a riƙa zuba kaya. Wannan aikin ya ba Baba Yohanna, wani mai walda a Kamazou, abokin marigayi babansa tun suna aikin masaƙa a Kakuri. Ana nan sai jak ya zame, mota ta sauko masa a ƙafa, mai ɗori ya ce kada ya taka ƙasa sai ya kwana arba'in. Baba Yohanna kuma ba ya karɓar awo ta waya, sai an kai masa a rubuce. Ƙanin Baban Walida yana hanyar Legas da mota. Sai ya zama ni ce zan kai takardar, ni da ban taɓa tsallaka kogin Kaduna ni kaɗai ba.

To, a cikin kwanakin da yake kwance ne Alhaji maƙwabcinmu ya gina dakali a bakin lungu. Na faɗa masa sau ɗaya. Ya ce, "Hauwa, lungun nan da tef na auna shi tun kafin ki yaye Walida, akwai fili. Ke dai ki kai takarda." Amma ni na ga napep ɗin da ke kawo mai ɗori, wadda a da take shigowa a guje, yanzu sai direba ya leƙo da kai yana lallaɓawa. Kuma motar nan dole ta riƙa kwana a gida, ba mu da wani wurin ajiye ta.

Ni ban iya karanta tef ba. Na kafa bakin igiya a bango, na ja zuwa dakalin Alhaji, na yi ƙulli ɗaya. Na dawo tsakar gida na auna daga bayan taya zuwa bayan taya, na yi ƙulli biyu a haɗe don kada in rikice. Na naɗe ta na cusa a ƙasan jaka, ƙarƙashin kayan ɗana Halifa.

Shida da kwata na kai Walida wurin Maman Sadik maƙwabciyarmu, na goya Halifa, na karɓi takarda. Baban Walida ya rubuta lambar wayarsa a wata 'yar takarda daban, na sa ta cikin hular yaron, ko da za a sace min jaka.

Daga bakin titi zuwa Makera

Bakwai saura minti ashirin na samu napep. An yi ruwa da dare, ƙasa duk caɓi. Muka bi ta baifas, mu huɗu, ni ce a tsakiya. Da muka hau gada na rufe ido, sai kuma na buɗe. Kogin ya cika ya yi ja, wasu mutane biyu suna ɗibar yashi a kwalekwale, ɗaya ma yana shan shayi a tsaye kamar a ɗakinsa yake.

Bayan gada akwai shingen 'yan sanda. Na ce a raina yau idan aka buɗe jakata aka ga igiya me zan ce. Ɗan sandan ya leƙo, ya dubi Halifa da ke cin kunnen hularsa, ya ce, "Oga, ina kwana?" Ya ɗaga mana hannu muka wuce. Direba ya ce, "Hajiya, kullum ki riƙa shiga motata da wannan ogan."

Bakwai da kwata muka sauka a Makera. Ɗari huɗu ya karɓa. Nan na ga tsofaffin gine-ginen masaƙa daga nesa, ciyawa ta fito a kan rufin. Na sayi ƙosai na ɗari biyu, na ci uku na kasa cin sauran.

Daga Makera zuwa Sabon Tasha

Sai takwas saura kwata bas ta cika. Kusa da ni wata mata ce babba, da kwandon doya tsakanin ƙafafunta. Ta ce sunanta Mama Ladi, mutuniyar Kagoro ce. Ba ta tambaye ni ba ta karɓi Halifa ta ɗora a cinya, ta ce in huta.

"'Yata, ke baƙuwa ce ko? Tun ɗazu kike ƙirga kwanar hanya da yatsa."

Na ce mata Kamazou za ni. Ina lalubo tawul sai igiya ta biyo shi ta faɗo kan doyarta.

"A'a! Akuya za ki saya?"

Ban san lokacin da na kwashe labarin duka na ba ta ba. Na ce ni an aiko ni da takarda ne kawai, ba a aiko ni da igiya ba, kuma ina tsoron a ce na kai ƙarar mijina wurin abokin babansa, na nuna bai iya awo ba.

Ta ce, "In kin faɗa ya yi fushi, kwana nawa zai yi? Biyu. In kin yi shiru, kullum kika fito shanya motar tana nan tana kallonki. Mijina ya taɓa sayo gado sai da aka fasa taga."

Wani mutum a gaba ya juyo ya ce, "Mama, ku mata kullum ku ne da gaskiya."

"Kai dai biya kuɗin motarka, kwandasta yana jiranka."

Muka wuce unguwar Telebijin ana ta dariya. Takwas da rabi muka isa Sabon Tasha. Mama Ladi da kanta ta tsayar min da wata napep, ta ce wa direban, "Garejin Baba Yohanna mai walda, bayan gidan man nan. Ka sauke ta a ƙofa, na riƙe fuskarka."

Kamazou, ƙarfe tara

Minti ashirin da biyar muka yi, saboda wata tirela da ta tsaya a hanya. Kafin in ga wurin na ji shi: janareta, guduma, da wannan ƙarar mai shiga haƙori ta injin yankan ƙarfe. Rumfa ce ta kwano, ƙofofi da tagogi a jingine ko'ina. Na toshe wa Halifa kunne da zani.

Baba Yohanna tsoho ne gajere, gashinsa fari fat, da alli a saƙale a kunne, rigarsa duk ƙananan huji na tartsatsi. Yana jin sunan Baban Walida ya kashe inji.

"Matar Sani ce? Maraba da surukata! Yaya mai ƙafa? Wannan kuma hancin kakansa ya ɗauko, Allah Ya jiƙan Malam Garba."

Matarsa, Mama Saratu, tana sayar da abinci a gefen rumfar. Ta kawo min benci da ruwa. Na miƙa takarda da hannu biyu. Ya sa tabarau ya karanta a fili, tsawo kaza, faɗi ƙafa biyar da inci huɗu.

"Yauwa. Buhun masara biyu baki da baki yake so su kwanta. Ƙarfe yana nan tun makon jiya, yanzu zan yanka."

Ya jawo wani dogon ƙarfe ya ɗora a kan tebur, ya ja tef, ya zana alli. Ina zaune ina kallo. Na ce a raina bari ya gama wannan layin in yi magana. Ya gama, ban yi ba. Ya ɗauko injin yanka, ya sauko da baƙin gilashi kan idonsa.

"Baba!"

Yadda na ɗaga murya har Halifa ya fashe da kuka. Baba Yohanna ya ɗage gilashi. Na tsuguna na fito da igiya, na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba shi ya aiko ni da wannan ba. Ni ce dai na ga kamar lungunmu ya matse." Na faɗa masa zancen dakali, na nuna masa ƙulli ɗaya da ƙulli biyu.

Bai yi dariya ba. Ya ajiye injin, ya karɓi igiyar, ya fara ja ya ga ko tana miƙewa. Ya tambaye ni ko a jiƙe na auna ko a bushe, ko na ja ta sosai, ko a ƙasa na auna ko a sama. Na ce a ƙasa da sama duka, ƙullin na wurin da ya fi matsewa ne. Sai ya shimfiɗa ta a kan tebur ya ɗora tef.

"Lungu ƙafa biyar cif. Bodi ƙafa biyar da inci huɗu." Ya juya wajen matarsa. "Saratu, zo ki gani. Da yau na yi wa ɗan Garba kejin kaji mai taya huɗu."

Mama Saratu ta ce, "Ai da kai da shi duk ɗaya ne, takarda kawai kuke gani."

"Ni shi ya sa ba na karɓar awo a waya. Ashe takardar ma sai an haɗo ta da mai ido."

Na ce, "To Baba, yanzu shi ke nan ba za ta ɗauki buhu biyun ba?" Domin a kan buhu biyun nan ya yi duk lissafin abin da za mu ci.

Ya ce in dakata. Ya zauna a kan wata tsohuwar taya ya fi minti goma yana zane a ƙasa da alli, yana gogewa da tafin hannu. Tayoyin ƙafa huɗu da rabi ne, za su wuce. Sai ya kira ni ya nuna min. Zai yi gindin akwatin daidai faɗin taya. Gefe biyun kuma ba zai liƙe su da walda ba, zai ɗora su a kan irin ƙarfen da ƙofa ke juyawa a kansa. A lungu a naɗe su ciki, in an fita titi a buɗe su a danna sakata, faɗin ya koma yadda aka so. Da ya ga ban gane sosai ba, ya yago kwali ya lanƙwasa shi ya yi min 'yar ƙaramar mota, yana buɗe fukafukanta yana rufewa.

"Ki kai masa wannan. Kuma ki ce masa ban yanka komai ba sai ya kira ni da bakinsa. Motarsa ce."

Mama Saratu ta zubo min shinkafa da wake da manja, ta hana ni biya. Wannan karon na cinye. Da na tambayi inda zan yi sallah in lokaci ya yi, ta ce akwai tabarma da buta a ɗakinta, ta ajiye ne saboda masu kawo aiki. Amma ban kai azahar ba, sha ɗaya da rabi na yi musu sallama.

Komawa

Hanyar da na bi ita na sake bi, sai dai yanzu ni nake faɗa wa kwandasta inda zan sauka. Ruwa ya kama mu a Makera, muka fake minti ashirin a rumfar mai faci. Kwalin na sa shi cikin hijabi don kada ya jiƙe. Duk hanya ina haɗa maganar da zan faɗa ina warwarewa.

Biyu saura kwata na shiga gida. Baban Walida yana zaune a ƙofar ɗaki, ƙafa a miƙe.

"Ya yanka?"

"Bai yanka ba."

Na ajiye kwalin a gabansa na faɗa masa komai, ban rage ba. Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Wato kin je kin ce wa Baba ban iya awo ba." Na ce ban faɗi haka ba. Ya jawo sandarsa da tef, ya miƙe da ƙafa ɗaya. Na ce mai ɗori fa ya hana. Ya fita yana dogarawa, ina jin ƙwas, ƙwas har bakin lungu.

Ya daɗe. Da ya dawo gumi ya jiƙa masa riga. Ya zauna, ya ɗauki kwalin, ya buɗe fukafukan ya rufe, ya sake buɗewa.

"Wannan dakalin, gado ne Alhaji ya gina ko wurin zama?"

Ya ɗora yatsa a gefen kwalin. "Nan sakata za ta zauna?"

Na matso na nuna masa, biyu a kowane gefe. Ya ɗauki waya ya kira. Ina ji Baba Yohanna yana masa tsiya har ya nisanta wayar daga kunne yana cewa, "Na ji, Baba. Na ji. A yanka." Da ya kashe ya dube ni.

"Ya ce ranar Alhamis a zo a duba kafin ya haɗa. Wai kada in turo kowa sai ke."

Na tuna gadar nan. Amma na ce to.

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya da yarona. Na gode wa Maman Sadik da ta riƙe Walida, da Mama Ladi da ban san ko zan sake ganinta ba, da Baba Yohanna da Mama Saratu. Ku gaida Inna, ku ce mata kada ta ba kowa jigilar masararta ta bana, in sha Allah da motarmu za mu zo ɗauka.