Ragon da na gani ta gefe ɗaya

Har yau in na ga hoton rago a waya, an rubuta wai a zaɓa a kawo har gida, raina ɓaci yake yi. Su riƙe abinsu. Ni an yi mini, kuma ban yafe ba.

Tun ina yaro mahaifinmu ke zaɓen ragon layyarsa da kansa. Wuni yake yi a kasuwar dabbobi, ya buɗe bakin rago ya duba haƙora, ya leƙa kunne, ya sa a kora shi don ya ga tafiyarsa. Dillalan Damagaram ba sa murnar ganinsa. Shekarar da ciwon gwiwa ya zaunar da shi, ya kira ni, ni babban ɗa, ya ce, "Bana kai za ka je mini."

Ban je ba. Aiki ya sha mini kai a biro, wato ofis, ga rana, ga ƙyuya. Wani abokin aikina ya nuna mini shafin wani mai tallar raguna, na ga wani fari sol, ƙaho a murɗe, wai kiwon garin Zermu. Hoto uku da bidiyo, duk ta gefen dama aka ɗauke shi. Ni da karatuna ban tambayi me ya hana a juya shi ba. Na tura kuɗi, har ina yi wa masu shan rana a kasuwa dariya.

Daga nan ƙarya ta fara. Yau mota ta lalace, gobe direba ba lafiya. Sai ranar jajibere bayan la'asar aka sauke shi a ƙofar gida, mai motar ko ruwa bai tsaya sha ba.

Baba na zaune a zaure. Ya ce in jawo masa shi. Ya kama ƙaho ya juya kan ragon. Idon hagu fari fat, a mace. Ko ɗan makarantar allo ya san mai ido ɗaya ba ya layya.

"Ka duba shi?"

"Na gan shi a foto, Baba."

Ya saki ƙahon, ya goge hannu da gefen riga.

Na fita na kira mai tallar a waya. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Yallaɓai, ido za ka ci ko nama?" Da na ɗaga murya ya ce reso ba kyau, ba ya ji na, ya kashe. Ban sake samunsa ba. Da a kasuwa ne da na shaƙe wuyan rigarsa, a tara mana dattawa, a kira sarkin dillalai. Wannan kuwa ban san fuskarsa ba, ban san gidan ubansa ba. Wa zan kama?

Na hau kabu-kabu na ruga kasuwa. An watse, sai 'yan tsirarun ragunan da ba su kai shekarun layya ba da wata tunkiya mai ɗingishi. Na dawo hannu biyu.

Da safe muka sauko daga Idi, maƙwabta kowa ya kayar da nasa. Na wasa wuƙa na kai wa Baba, ko zai daure. Bai karɓa ba.

"Kira mahauci ya yanka muku," ya ce. "Yara su ci nama."

Ya nemi a kama shi a kai shi ɗaki.