Cinyar Kaza a Farantin Yaya Habu

Shekara ashirin da biyar ke nan da muka ɗauki Yaya Habu daga gidansa na Nassarawa muka kai shi makwancinsa. Ni ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya ba ni shekara goma sha huɗu, amma yau na haura shekarun da ya rasu yana da su, har furfurata ta fi wadda ya tafi da ita. Duk da haka idan na tuna shi, ɗan saurayin nan nake komawa, mai takalmin ƙwallo rataye a wuya, yana jiran yayansa ya ce masa ya iya.

Abin da ya fama mini tsohon miki a bana shi ne ɗana Mustafa da ke aiki a Amurka. Ya turo mini hotunan bidiyo na irin ƙwallonsu ta can, wadda ake rungumewa a ruga da ita kamar an saci kaza. Ya ce lokacin zaɓe ne ya gabato, manyan ƙungiyoyi za su ɗebi 'yan wasa daga jami'o'i, kuma duk hankali yana kan mai jifa, wato wanda ke karɓar ƙwallo ya duba fili ya san wa zai jefa wa. Na ga ana auna tafin hannun samari, ana auna gudunsu da tsallensu, ana zaunar da su ana yi musu tambayoyi kamar masu neman aure. Mustafa ya ce duk da wannan bin ƙwaƙƙwafi, sau da yawa sai a ɗauki wanda bai dace ba. Na ajiye wayar na tuna baya, domin na san mutumin da ya yi wannan aiki a Kano ba tare da ma'auni ko ɗaya ba, kuma ni ma na taɓa shiga hannunsa.

Waɗanda ba su ga shekarun da kuɗin mai ya ɓarke ba, da wuya su yarda da labarin. Masaƙun Bompai ba sa hutawa, kuma kusan kowane kamfani mai ji da kansa yana da ƙungiyar ƙwallo. Da ƙarshen shekarar karatu ya zo, sai su bazama kwalejoji da sakandare suna farautar samari masu ƙafa. Wanda aka ɗauka ya haye: ga aikin akawu da safe, ga jesi da yamma, kafin shekara ta zagayo ya hau sabon babur. Yaya Habu shi ne jami'in kula da ma'aikata a ɗaya daga cikin masaƙun nan, kamfani ya ba shi gida mai lambu a Nassarawa, ƙungiya kuma tana ƙarƙashinsa. Abin dariya, shi kansa bai taɓa buga ƙwallon kirki ba. Tun yana saurayi ya aje tumbi, in ya ruga da gudu sai mahaifiyarmu ta ce a riƙe shi kada ya faɗi.

Amma yana da ido. Ranar wasan kwalejoji ba ya zama a rumfar manyan baƙi, sai ya kewaya bayan raga ya tsaya da hularsa a hannu. Jama'a na bin ƙwallo da kallo, shi yana kallon waɗanda ba ta wurinsu. Yana so ya ga me ɗan wasa ke yi bayan an ƙwace ƙwallo a ƙafarsa, ko zai bi ta ko zai tsaya yana zagin abokinsa, kuma wa ke ɗaga kai ya dubi fili tun kafin ta iso gare shi. Yakan ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ɗan tsakiya, mai raba ƙwallo ga saura, shi ne ya fi ba shi wahalar zaɓe, yana cewa duk wanda ka ɗora a wurin nan ka damƙa masa abincin mutum goma.

A shekarar da na gama kwalejin horon malamai, gurbin ɗan tsakiya guda ɗaya tak ya rage a ƙungiyar masaƙa, mu biyu kuma ake magana. Ni da Ɗanlami, ɗan wani mai ban ruwan fulawa da ke aiki a gidajen Nassarawa, suna zaune a Giginyu. Ba yabon kai ba, na fi shi ƙafa nesa ba kusa ba. Ina yanka mutum uku a jere 'yan kallo su tashi tsaye suna kiran sunana, shi kuwa ƙwallo ba ta daɗewa a ƙafarsa, da ta zo ya miƙa. Ga shi a gidan Yaya nake kwana, a ɗakunan baya, matarsa Binta ce ke zuba mini abinci tana tsokanata. A lissafina an gama, ko da ban iya ba ai albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko, balle ga iyawar.

Yaya yana da al'ada. Kafin ya miƙa sunaye, sai ya gayyaci samarin da yake dubawa cin abincin rana a gidansa. Ranar Asabar ɗin mu biyar ne, aka shimfiɗa mana tabarma a baranda wajen bishiyar mangwaro, aka kawo babban faranti na shinkafa da miya, kaza a sama. Shi ya ce ya riga ya ci, ya koma gefe kan kujerarsa ya buɗe jarida ya rufe fuska. Sauran duk a takure suke, wasunsu ba su taɓa shiga gida mai lambu ba sai da iyayensu ma'aikata. Ni kuwa gidan yayana ne. Ana yin bisimilla na kai hannu na ɗauke cinyar da ke sama na aje a gabana, ina ba su labarin ƙwallon da na ci ranar Laraba. Ba wanda ya ƙara taɓa naman har shinkafa ta yi nisa. Can sai Ɗanlami ya jawo ragowar kazar ya yayyaga, yana tura wa kowa gabansa. Ya ba wani mai tsaron raga ɗan Katsina ƙirji don ya ga kunya ta hana shi ci, ya turo mini fiffike a kan cinyar da na riga na ɗauka, shi ya tsaya da wuya. Na cinye fiffiken ban ko ɗago ba.

Ranar Litinin aka liƙa sunaye a ƙofar masaƙa, babu nawa. Na iske Yaya yana shirin shiga mota na tare shi, raina a ɓace, na tambaye shi ko ƙafar Ɗanlami ta fi tawa ne.

"Ko kusa," ya ce. "Amma kai, Sule, mutum goma za su yi ta jiranka a fili."

Na faɗa masa maganar da har yau ba na son maimaitawa, cewa ya sayar da jininsa don a ce masa adali. A ranar na kwashe kayana na koma wurin wani aboki a Gawuna. Mahaifiyarmu ta kira mu ta yi faɗa, ta ce ɗan'uwa rabin jiki ne, muka ba juna hannu a gabanta. Gaisuwa ta dawo, zumunci ya dawo, shi ya tsaya mini a aurena, shi ya yi wa Mustafa huɗuba. Amma na jefar da takalmin ƙwallo na kama koyarwa, kuma shekara ashirin da huɗu ban ƙara yin maganar ƙwallo da shi ba. Idan ya kunna wasa a talabijin sai in tuna da wani uzuri in tashi. Yana gani, sai ya ci gaba da kallonsa shi kaɗai.

Kada a ɗauka ina cewa bai taɓa kuskure ba. Akwai wani saurayi daga Haɗeja da ya ƙi ɗauka saboda yadda ya afka wa faranti, yaron ya tafi Legas ya zama abin kwatance, har rediyo na kiran sunansa. Daga baya Yaya ya ji cewa tun jiyan ranar bai sa komai a cikinsa ba, kuma na ji shi yana gaya wa abokansa cewa yunwa ce ya ɗauka hali, Allah ya yafe masa. A lokacin ban fahimci me ya haɗa faranti da ƙwallo ba, na dai riƙe labarin a matsayin hujjata cewa mai ido ma yana makancewa. Ɗanlami kuma bai zama wani tauraro ba. Ya yi kaka huɗu yana riƙe da kambun kyaftin, 'yan gaba biyu suka yi suna a kan ƙwallayen da yake miƙa musu, sannan gwiwa ta tsayar da shi. Ya ci gaba da aikinsa a masaƙa har ranar da aka rufe ta.

A daminar da zai rasu, ciwo ya kwantar da Yaya, abinci ba ya shiga. Wata rana da la'asar Hajiya Binta ta kawo farfesun kaza a kwano ɗaya ta ce in taya shi ko zai ci. Na ɗauki cinyar na zare ƙashin, na yayyaga tsokar ƙanana yadda zai iya haɗiya, na tura gabansa, na jawo wuyan. Ban yi da wata manufa ba. Ya dubi kwanon, ya dube ni, sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ka makara, Malam Sule," ya ce. "An rufe ɗauka tun tuni."

Hajiya tana bakin ƙofa ita ma tana dariya tana share ido. Ita ta warware mini. Ta ce duk ranar da samari za su zo, yayana ne ke sa ta cire cinya ɗaya ta ɓoye, a bar guda a saman faranti, jaridar nan kuma ko layi ɗaya ba ya karantawa. Ta ce ranar tawa, bayan mun watse, ya daɗe zaune a baranda bai motsa ba, da ta yi masa magana ya ce da ma wani ne ya ɗauki cinyar. Ashe ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare, ni kuwa tun kafin a taɓa miyar na nuna kaina. Na so in nemi gafararsa, amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ci mana, Yaya." Ya ci loma biyu. Bayan kwana tara ya cika.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Masaƙar ta zama kango, gidan nan an rushe shi an yi rukunin shaguna, mangwaron ma an sare. Filayen da yake tsayawa bayan raga da yawa sun zama gine-gine. Samarinmu yanzu bidiyon minti biyu suke haɗawa, yanka da cin raga zalla, su tura wa dillalan da ba su taɓa ganin su ido da ido ba. Ina jin zai yi sha'awar na'urorin, don mutum ne mai son sabon abu, amma zai tambaya ina ragowar wasan, ina wurin da aka ƙwace ƙwallon. Na tambayi Mustafa ko masu auna tafin hannun nan suna ganin yadda samarin ke cin abinci. Ya yi dariya ya ce ai wasu ƙungiyoyin sukan kai su cin abinci kafin zaɓe. Na so a ce akwai lambar da zan buga in gaya wa Yaya wannan, don na san irin dariyar da zai yi.

Bai bar kofi ko ɗaya da sunansa ba, kuma cikin masu cika filin wasa yau ba na jin akwai wanda ya san shi. Abin da ya rage kaɗan ne, amma yana nan. Ɗanlami, da sandarsa da furfurarsa, yana tara matasa a wani fili a Giginyu, kuma in ka wuce za ka ji shi yana ce musu su ɗaga kai kafin ƙwallo ta iso. Ni kuma na yi shekaru ina zaɓen shugabannin ɗalibai da malaman da za a ƙara wa girma, ban san da idon wa nake duba su ba sai da ya tafi. Ina kewarsa, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne wasannin da ya kalla shi kaɗai alhali ina gidan.

Hajiya Binta tana nan da ranta, tsufa bai hana ta tsokanar ƙanin miji ba. Duk shekara idan watan rasuwarsa ya kama, sai ta aiko mini da kaza dafaffiya, da cinya ɗaya. Ta bana ta iso ranar Juma'a, iyali duk suna nan. Na yayyaga na tura wa kowa gabansa, na tsaya da wuya, sannan na sami kaina ina duban kujerar da ke gefe, ko akwai wanda zai sauke jarida ya ce ya gani. Allah ya jiƙan Yaya Habu, ya sa can ta fi masa nan.