Ranar Da Mama Ta Shiga Sabon Gari A Kan Keke

Mama ta haura saba'in lokacin da ta ce za ta koyi hawa keke. Muna zaune a tsakar gidanmu na Samaru, ina tsince shinkafa, ita kuma ta ƙura wa tsohon keken Baba ido, wanda ke jingine a bango tun rasuwarsa.

"Ke, gobe ki kai mini wannan wajen mai gyara."

"Sayarwa za ki yi, Mama?"

"Hawa zan yi."

Na yi dariya har shinkafar ta zube. Ita ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce tun da ta daina zuwa gona take jin jikinta yana sanƙarewa. Ƙawayenta na zumuntar mata kuwa sai komawa kan tabarma suke yi ɗaya bayan ɗaya, daga nan sai a ji an kira sauran su je waƙar jana'iza.

"Ni ban gama da duniya ba," in ji ta. "Ina so in ga tattaɓa-kunnena in Allah ya yarda, kuma a tsaye nake so in gan su, ba a kwance ana tallafo mini kai ba."

A filin wata firamare muka fara, da yamma bayan an tashi. Ta sa wandon yayana a ƙarƙashin zani, ta ɗaure ɗankwali tamau. Ni ke riƙe sirdi ina gudu a bayanta, tana ihu, "Kada ki sake ni! Ke, kada ki sake ni!" Ta faɗi ba sau ɗaya ba. Wata rana ta kurje gwiwar hannu, labari ya kai wa yayana a Kaduna, ya kira ni yana faɗa wai zan karya masa uwa. Mama ta karɓe wayar.

"Kai, da kake koyon tafiya sau nawa ka faɗi? Na hana ka?"



Ranar da na sake ta, ba ta ma sani ba. Ta yi nisa tana ta ba ni umarni, ni kuwa ina tsaye a tsakiyar fili na toshe baki. Da ta zagayo ta gan ni a gabanta, sai ta saki wata irin guɗa da ban taɓa ji daga bakinta ba. Na bi ta da gudu ina tsalle, mu biyu kamar waɗanda suka zautu.

Na ɗauka shi ke nan, za ta riƙa ɗan zagaya unguwa. Ashe akwai sauran magana. Tana da aminiya tun suna amare, wata Bayarabiya mai sayar da atamfa a kasuwar Sabon Gari. Mama ta ce wajenta za ta, kuma a kan keke.

Na tuna mata manyan motocin da ke bin hanyar nan, na roƙe ta, na haɗa ta da Allah. Ta ce in ina tsoro in zauna a gida. Ranar Asabar da safe sai ga ni a bayan ɗan acaɓa, muna bin ta sannu a hankali. Tana gefen titi, bayanta a miƙe, furfura ta leƙo ta ƙasan ɗankwali. Ɗaliban da ke jiran mota suka hau tafi. Wani direban bas ya rage gudu ya leƙo, "Mama, Allah ya ƙara lafiya!" Ta ɗaga masa kai kawai, don ba ta yarda ta saki hannu. A Kwangila cunkoso ya yi yawa, ta sauka ta tura keken, ta sha ruwa, ta sake hawa.

Da muka shiga layin masu atamfa ta danna ƙararrawa. Aminiyarta ta ɗago kai, ta saki yadin da take aunawa, ta ɗora hannu biyu a ka.

"Ƙawata! Ke ce? Daga Samaru?"

"Daga Samaru!"

Matar nan ta fito tsakiyar layi ta kama rawa tana waƙa da Yarabanci, maƙwabtan rumfarta suka taya ta, wasu na ihu da turancin kasuwa. Aka kawo wa Mama kujera da lemo mai sanyi. Tana haki tana dariya, gumi na zuba. Can aminiyar ta zagaya keken, ta taɓa sirdi, ta dube ni.

"'Yata, ni ma za ki koya mini?"

Dawowa dai a bas muka yi, an ɗaure keken a sama, don ƙafafun Mama sun ce sun gaji. Kwanaki ta yi tana ɗingishi. Ina shafa mata man zafi a cinya tana cije leɓe, sai ta tambaye ni ko Shika ta fi Sabon Gari nisa.