Kujerar Kaka Hedi a Gidan Abincin Nunziya

Daga Allah muke, gare Shi kuma makomarmu take. Ranar Talata, sha ɗaya ga Maris, kakana Hedi Jlassi, masuncin garin Mazara da ke bakin teku, ya amsa kiran Mahaliccinsa.

Kaka, ka tafi ka bar ni ba abokin tsokana. Kai ne duk Lahadi kake tasa mu gaba, 'ya'ya da jikoki, zuwa ɗan gidan abincin Donna Nunziya, inda gwiwar wani ke gogar ta wani. Ba ka zama sai ka leƙa kicin ka duba idon kifi, ka shinshina tukunya don kada a ɗiga mana giya a miya. Tana korarka da ludayi, kana dariya. In na saci jatan lande daga farantinka, sai ka kau da kai, ka ce maguna sun yi yawa a garin nan.

Jiya muka koma bayan sadakar bakwai, don matarka, Kaka Zohra, ta ce tana son ganin kujerarka. Babban ɗanka, Kawu Nizar, da ya sauko daga birnin Milano, shi ya haye ta. Aka kawo taliya da kifi, ya ce a ba shi cuku. Cuku a kan kifi, Kaka, a garin da ko ɗan yaye ya san ba a haɗa su! Nunziya ta ce ya ƙare, alhali ga shi a kan kanta. Ya ɗauko da kansa, ya barbaɗa, ya cakuɗa har abin ya koma kamar amai. Da wannan bakin, maiƙo na bin gemunsa, ya sanar da mu ya samo wa mahaifiyarsa ɗaki a gidan tsofaffi, gidanka kuma za a gyara wa 'yan yawon buɗe ido. Sauran 'ya'yanka suka sunkuya suna naɗa taliya. Tsohuwa ta ajiye cokali.

Ni allo kawai na karanta, amma ko a nan an koya mana matsayin uwa. Na ce, "Kawu, ka makara. Miji ya rasu, ni na gaji matar. Wa ya taɓa kai amarya gidan tsofaffi?"

Aka yi dariyar yaƙe. Ita ba ta yi ba. Ta dube ni ta ce, "Ango, za ka iya kwana a ɗakin da ke warin tarun kamun kifi?" Na ce ko yau. Ta ciro makullin gidan ta damƙa mini a gaban kowa. Kawu ya ce za mu yi magana. Ai kuwa za mu yi.

Daga ɗakinka nake wannan rubutu, Kaka Zohra tana can tana jan carbinka.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa duk bakin da ka ciyar ya zame maka shaida. Ina miƙa ta'aziyya ga Kaka Zohra, da Nunziya, da masuntan tashar jiragen ruwa, da 'ya'yanka baki ɗaya. Kawu Nizar zai karɓi tasa in ya gama tauna.