Cizon Guntu

Salama gare ku 'yan'uwa. Tun kafin girbin gero ban ƙara rubuta komai a nan ba. Masu tambaya, ina raye. Da hannun hagu nake rubuta wannan, ku yi haƙuri da ni.

Mutanen Mayahi sun san ni tela ne. Wasu kuma sun san ɗiyan karen da na tsinta cikin ramin ƙasar gini, bayan kasuwa. Su uku ne, uwarsu ta mutu. Ƙazuwa ta cinye gashinsu, kaska ta cika kunnuwansu. Ɗaya makauniya, ɗaya gurgu. Ƙaramin cikinsu na sa mashi suna Guntu.

Na yi masu rumfa bayan gida. Kunu da madara, maganin tsutsar ciki, man shafawa daga wurin likitan dabbobi. Matata Saratu ta ce, "Maigida, mutane na magana fa." Na ce su yi ta yi. Har gashinsu ya soma fitowa.

Wata safiya Guntu ya ƙi cin abinci. Na buɗe bakinshi in ɗura mashi kunu, sai ya kama babban yatsana na dama. Ɗan huji ne kamar na allura. Na goge da ƙyalle, na koma kan keken ɗinki.

Bayan 'yan kwanaki ya soma dalalar da miyau, yana cizon ƙasa, yana kuka da muryar da ban san shi da ita ba. A gabana ya mutu.

Likitan dabbobi ya zo, ya dubi gawar, ya dubi hannuna da ya kumbura. Ya ce, "Yohana, haukan kare ne. Tashi yanzu, kada ka jira gobe."

Sai a Maraɗi ni da Saratu muka sami allurar haukan kare. A can aka kwantar da ni, don ciwon ya riga ya yi ruwa, zazzaɓi kuma ya rufe ni. Awon jini, ƙarin ruwa, wankin ciwo kowace safiya. Saratu ta sayar da akuyarta, da gyaɗar da muka ajiye ta iri.

Lokotoro, wato likitan asibitin, ya ce mani, "Allura mun yi, amma ka makara. Sai mu jira."

Na ce, "In ciwon haukan ya fito fa?"

Ya ce, "In ya fito, ba shi da magani."

An gaya mani mai wannan ciwo tsoron ruwa yake. Daga ranar, duk kofin da Saratu ta miƙo sai in zuba mashi ido, ina jiran maƙogwarona ya ƙi. Ita kuma tana kallon bakina.

Yatsan ya yi baƙi, ya soma wari. Suka yanke shi.

Ina kwance maƙwabcina Malam Idi ya kira ni a waya. Ya ce likitan dabbobi ya ce sauran biyun ma sai an kashe su, tunda Guntu ya cije su. "Akwai yara a unguwa, Yohana. Amma ba za a taɓa su ba sai ka yarda."

Na ce to.

Makauniyar nan, ko takun wa ta ji sai ta taho tana kaɗa wutsiya. Ban tambayi yadda aka yi ba, kuma kada wanda ya gaya mani.

Yanzu lokotoro ya ce na tsallake. Na dawo gida. Almakashi ba ya zama a hannuna, shago a rufe yake. Masu zuwa gaisuwa sukan ce, "Kai ma dai, a kan kare?" Jiki ya warke, amma ban san da mi zan ciyar da gidana ba.

Na gode wa Ubangiji. Na gode wa Saratu, da 'yan majami'armu, da Malam Idi da ya girbe mani gero shi da ɗiyanshi ban roƙe shi ba.

Don Allah, in kare ya cije ka, komin ƙanƙantarshi, wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa nan take, ka nufi asibiti a ranar. In ka tsinci ɗan kare, kai shi wurin likitan dabbobi tun farko, a yi mashi riga-kafi. Wanda ba shi da lafiya a ware shi, kuma kada ka sa hannu cikin bakinshi.

Kuna tambaya ko zan ƙara ɗaukar wani. Jiya na ji ɗan kare yana kuka bayan tasha. Na tsaya. Sannan na wuce, kukan yana bi na har ƙofar gida.